Wa ake karewa, maraya ko mai riƙonsa? Muhawara kan tsohuwar dokar Ingila

Ɗalibar Shari'a:
Assalamu alaikum iyaye da yayye. Dan Allah ina neman taimako, an ba mu aiki ne a kwas ɗin tarihin shari'a kan hanyoyin da mai riƙon maraya yake bi a tsohuwar Ingila idan wani ya yi masa kutse a gonar yaron ko ya ɗauke yaron kansa. Na gano manyan hanyoyin guda uku ne, akwai ƙarar neman haƙƙin riƙo, akwai ƙarar an sace maka yaro, sai ƙarar an kore ka daga gonar. Amma wallahi tun jiya da nake karantawa raina yake ɓaci, ni na shiga ne da zaton zan ga doka tana kare maraya sai na ga duk inda aka juya maganar kuɗin mai riƙo ake yi, har auren yaron ma farashi gare shi. Ni ce ban gane ba ko kuwa haka abin yake?

Barista Babba:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin gane sarai, abin da ya rage kawai ki san daga ina ruwan ya taso. Tun bayan da Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila a 1066 tsarin da ya kafu shi ne ƙasa duka ta sarki ce, shi yake ba manyan barori, su kuma su yanka wa na ƙasa da su, kuma mafi yawan manyan gonakin nan a kan sharaɗin yaƙi ake riƙe su, wato in an buga tambari ka fito da doki da sulke ko ka biya a madadin haka. To mutum ya mutu ya bar ɗa ɗan shekara biyar, wa zai hau dokin? Sai ubangidan ƙasar ya ce tunda ba mai yi min hidima zan riƙe gonar in ci amfaninta har yaron ya kai 21. Ya ciyar da shi ya tufatar da shi daidai matsayin gidansu, sauran duk nasa ne, kuma ba wanda zai tambaye shi lissafi ranar da yaron ya girma. In mace ce shekara 14 ne, amma dokar 1275 ta ƙara wa ubangidan shekara biyu zuwa 16 don ya samu damar aurar da ita.

Abin da zai warware miki komai shi ne a wurinsu wannan riƙon kadara ce, kamar doki ko bashin da kake bin wani. Ana sayar da shi, ana kyautarsa, mutum yana iya barinsa a wasiyya. Saboda haka ƙararrakin nan uku da kika lissafa ƙararrakin mai kadara ne.

Baban Amira:
Innalillahi. Yallabai wato yaro yana raye da uwarsa da danginsa amma a sayar da rikonsa ga wani bako?? toh ina uwar take lokacin

Barista Babba:
Tana nan da ranta. Ita dai nata kashi ɗaya bisa uku ne na gonakin mijin ta ci amfaninsu har ta mutu, amma magajin ba nata ba ne a doka. In tana son ɗanta a gabanta sai dai ta saya, kuma mata da yawa sun saya ɗin, wasu kuma ubangidan ya bar musu renon jariri na ɗan lokaci sannan ya zo ya karɓe.

Ɗan Tarihi:
Bari in ƙara a kan na Barista. Su kansu sun san abin da ciwo, domin Sarki Henri na 1 ranar da aka naɗa shi a 1100 a cikin alkawuran da ya rubuta har da cewa matar mamaci ko wani ɗan'uwa da ya fi cancanta shi zai riƙe ƙasa da yaran. Alkawarin bai je ko'ina ba. Zuwa 1185 jikansa Henri na 2 sai da ya sa aka zaga gundumomi aka rubuta masa zawarawa da marayun da ke hannunsa, shekarun kowa, gonarsa nawa take kawowa, tumaki nawa, garma nawa, takardun gundumomi 12 suna nan har yau. In ka ga tsarin rubutun kamar mutum yana ƙirga abin da ke cikin garkensa ne.

Amma ni ina da ja a kan yadda ɗaliba ta ɗauki abin. Kafin a ce dokar ba ta kare yaro ba a tambayi me ke faruwa in babu ita. Mutum biyu masu ƙarfi kowa yana cewa shi ne ubangida, kowa da dakarunsa, yaron da ya faɗa hannun wanda ya riga zuwa shikenan. Takardar sarki ita ta ce a'a ku zo gaban alƙalai, mutum 12 na yankin su rantse su faɗi wa ke da haƙƙi. Wannan ma ai kariya ce ko da ba don yaron aka yi ta ba.

Ɗalibar Shari'a:
Na gode Yaya, zan dawo kan wannan. Barista dan Allah ku ɗan rarrabe min ukun don a nan nake ruɗewa, musamman me ya sa sai an yi ta uku alhali akwai ƙarar ƙwace ƙasa da kowa yake amfani da ita tun zamanin Henri na 2.

Barista Babba:
Tambaya mai kyau, kuma ita ce za ta ba ki maki. Waccan ƙarar ƙwace ƙasar mai saurin nan ta wanda ƙasar take tasa ce ta dindindin ko ta tsawon rai. Mai riƙo kuwa ƙasar ba tasa ba ce, ta yaron ce, shi amfaninta kawai yake ci na wasu shekaru, don haka ƙofar a rufe take gare shi. Shi ya sa aka yi masa tasa.

Ta farko, neman haƙƙin riƙo, ita ce tsohuwa. Ka je ofishin da ake rubuta takardun sarki ka biya a ba ka takarda zuwa ga sherif, wato wakilin sarki na gunduma, cewa ya umarci wane ya mayar maka da riƙon ƙasa, ko na magajin, ko duka biyun, in ya ƙi ya zo kotu ya faɗi dalili. Matsalarta jan ƙafa. Wanda ake ƙara zai yi ta kawo uzuri yau ciwo gobe tafiya, shi kuwa yaro girma yake yi, kowace damina da ta wuce wani ya cinye amfaninta, in aka yi wasa sai ya kai 21 ba a gama ba. Shi ya sa dokar Marlborough ta 1267 ta ce in ya ƙi zuwa a yi shela a zaman kotun gunduma sau biyu ko uku cikin wata shida, in bai bayyana ba ya rasa riƙon.

Ta biyu, sace magaji. Dokar Merton ta 1236 ta fara magana a kai, sannan dokar Westminista ta biyu a 1285 zamanin Edwad na 1, babi na 35, ta ba ta haƙora. Wanda ya ɗauke yaro namiji ko mace alhali ba shi da haƙƙin aurar da shi, ko ya dawo da shi bai aurar ba ko ya biya kuɗin auren, sai ya yi shekara biyu a kurkuku. In kuma ya aurar da shi kuma ba shi da abin biya, ko dai ya rantse ya bar ƙasar har abada ko ɗaurin rai da rai. Kuma a cikin takardar ana ce wa sherif ya binciko inda yaron yake a yankinsa ya ɗauko shi ya tsare shi lafiya har ranar zaman kotu. Har ma an ce in yaron ya mutu ana tsakiyar shari'a ba a tsayawa, sai an gano wa ya kamata ya riƙe shi da yana raye, saboda diyya.

Ta uku, korar mai riƙo, ita ce wadda kika tambaya. Kana cikin gonar kana cin amfaninta wani ya zo ya fitar da kai da ƙarfi, to a nan ba sai ka koma dogon zancen haƙƙi ba, laifin kutsen za ka kai, ka nemi diyya da sauran shekarun da suka rage maka.

Maman Sadik:
Ni ba lauya ba ce, ina dai karantawa a nan kullum, amma wannan maganar ta taɓa ni. Barista wannan "ɓarawon yaro" da ake ɗaurewa shekara biyu ai ni ina jin wani lokacin uwar ce ko kawunsa ko? Domin ni da na rasa mahaifin yarana Sadik yana shekara huɗu, da wani ya zo ya ce zai tafi da shi saboda gona wallahi da dare zan goya shi in bar garin, ko me za a yi min a yi.

Barista Babba:
Allah ya jiƙansa Hajiya, ya raya muku su. Abin da kuka faɗa haka yake a takardun kotunan, cikin waɗanda ake ƙara da sace magaji akwai iyaye mata da yawa, wani lokacin ita da sabon mijinta, da kawunnai da sauran dangi. Kuma kalmar sacewa a nan ba ta nufin yaron bai yarda ba, yardar yaron ba ta cikin lissafi, yardar mai riƙo ce aka keta. Yaro ya bi uwarsa da gudu da ƙafarsa amma a takarda an sace shi.

Maman Sadik:
Amin na gode. To Malam Ɗan Tarihi ka ji kariyar da kake faɗa.

Ɗan Tarihi:
Na ji Hajiya kuma ban musa zafinsa ba. Amma a yi adalci, ba kowace uwa ko kawu ne ya ɗauke yaro don ƙauna ba, wasu so suke su riga ubangida aurar da shi ga 'yar sabon mijin ko ga wanda ya ba su kuɗi, gonar ta dawo gidansu. Auren magaji shi ne babban abin da ake rububi a kai, domin coci ta ce namiji ɗan 14 da mace 'yar 12 in suka amsa aure ya ɗauru, kotun sarki ba ta iya warware shi, sai dai ta ƙiyasta kuɗinsa. Shi ya sa kuka ga hukuncin ya yi tsanani, abu ne da in ya faru ba ya gyaruwa.

Kuma akwai rikicin iyayen gida da yawa. Mutum ɗaya yana iya riƙe gonaki daga iyayen gida uku, kowa zai karɓi tasa gonar, to yaron fa ba ya rabuwa uku. Sai dokar 1285 ɗin ta ce ubangidan da ya riga sauran ba da tasa gonar shi ke ɗaukar yaron. In kuwa ko taku ɗaya na ƙasar yaƙi ya riƙe kai tsaye daga sarki, to sarki ne ke ɗaukar yaron har da gonakin sauran iyayen gidan.

Ɗalibar Shari'a:
Yaya ai hujjar taka ita ce tawa. Dubi abin da Merton ta ce, in ubangida ya kawo wa yaro mata daidai da shi ya ƙi, ba a tilasta masa amma in ya girma sai ya biya kuɗin da da wani zai biya don auren. In kuma ya je ya auri wadda yake so ba izini bayan an yi masa tayi, ubangida ya ci gaba da riƙe gonar bayan ya kai 21 har sai ya fanshe ninki biyu. Wato maraya ne zai sayi kansa da gadon ubansa. Kuma na karanta labarin Margaret Beaufort jiya ban iya barci ba. An haife ta 1443, mahaifinta ya rasu 1444, aka ba wani babban bafade William de la Pole riƙonta ya ɗaura mata aure da ɗansa tana ƙarama, a 1453 aka warware wannan auren, Sarki Henri na 6 ya ba 'yan'uwansa na uwa ɗaya Edmund da Jasper Tudor riƙonta, Edmund ɗin da kansa ya aure ta a 1455 tana 12, ya mutu ya bar ta da ciki, ta haihu a Janairun 1457 tana shekara 13. Jaririn nan shi ya zama Sarki Henri na 7, ita kuma ba ta sake haihuwa ba har ta koma ga Allah. Duk abin nan babu doka ko ɗaya da aka karya Yaya.

Ɗan Tarihi:
Wannan kam ba ni da abin cewa a kai, gaskiya ce.

Barista Babba:
Amma ƙanwata kar ki rubuta cewa yaron ba shi da komai, malaminki zai kama ki. Yana da nasa, sai dai daban suke kuma sun fi rauni. Magna Karta, takardar alkawuran da manyan barori suka tilasta wa Sarki Jon ya amince da ita a 1215, sashe na 4 da na 5 da na 6 duk a kan wannan ne. Mai riƙo ya ci amfani daidai misali ba tare da ɓarna ga mutane ko kaya ba, ya kula da gidaje da tafkunan kifi da injinan niƙa, ya mayar wa yaro ƙasar da garmunanta, wanda sarki ya sayar wa riƙo in ya yi ɓarna a karɓe a ba mutum biyu amintattu na yankin. Kuma kar a aurar da magaji ga wanda bai kai shi ba, a sanar da danginsa kafin a ɗaura. Dokar Gloucester ta 1278 ta ƙara cewa mai riƙon da ya yi ɓarna ya rasa riƙon, in hakan bai biya asarar ba ya cika da diyya. Ɓarnar da suka fi yi ita ce sare itatuwa a sayar da katako da barin rufin gida ya zube, tunda ya san shekarunsa ƙidayayyu ne.

Sannan akwai wani nau'in riƙo gaba ɗaya daban, na ƙasar da ba ta yaƙi ba, wadda ake biyan haya tsayayya a kanta, suna ce mata sokej. A nan ubangida ba ruwansa, dangi ne ke riƙo, kuma ɗan'uwa mafi kusa wanda ba zai taɓa gadon ƙasar ba. In gonar ta ɓangaren uba ce sai uwa ko danginta su riƙe. Masanansu suka ce ba wa mai jiran gado riƙon yaro kamar a damƙa wa kerkeci ɗan rago ne, mu da sai mu ce an ba kura ajiyar nama. Riƙon yana ƙarewa yaro na kai 14, kuma Marlborough ta 1267 ta ce dole ya ba da lissafin duk abin da ya shigo, ba ya sayar da auren sai don amfanin yaron.

Baban Amira:
Barista maganar sare itatuwan nan ta tuna min da kaina wlh. mahaifinmu ya rasu ina aji uku a firamare, gonarsa ta bayan gari akwai dorawa guda bakwai da tsamiya biyu, kakarmu duk shekara daga kalwar nan take mana kudin littafi da sabulu. dan uwan babanmu da ya karbi rikonmu shekara biyu kacal yayi ya kira masu gawayi, ina tsaye da kwanon abincin da aka aiko ni kai masa naga an kwantar da babbar, wadda muke daure akuya a gindinta, har yau ina jin karar faduwarta. yace kudin abincinmu ne. da na girma na tambayi lissafi sai aka taru a kaina wai bani da kunya ina tuhumar wanda ya rike ni, rabin gonar ma ashe an jinginar. so ni abinda nake cewa ko ingila ko nan, doka a takarda daban, yaro dan shekara tara wa zai kai kara? da wane kudi?

Maman Sadik:
Allah sarki Baban Amira. Allah ya saka muku.

Barista Babba:
Tambayarka su ma sun yi karo da ita, shi ya sa dokokin 1275 da 1285 suka buɗe ƙofa cewa in an hana yaro zuwa kotu wani na kusa da shi ya shigar masa da ƙara a madadinsa, ko da a kan mai riƙon ne. Wannan tsarin na wani babba ya tsaya wa yaro a ƙara har yau da shi ake aiki a manyan kotunanmu. Amma na yarda da kai sai an samu mai tsayawar.

Malam Na Zaure:
Assalamu alaikum. Tun ɗazu nake bi ban sa baki ba sai da na ga an zo inda na ɗan sani. 'Yata ɗaliba in za ki kwatanta da namu ki kula, domin tushen ya bambanta tun daga ƙasa. A wurinmu dukiyar maraya tasa ce ita da amfaninta, mai riƙo ba ya da komai a ciki. Suratun Nisa'i aya ta 6 ta ce mawadaci ya kame, matalauci ya ci gwargwadon abin da aka sani, a jarraba yaran, in an ga shiriya a miƙa musu dukiyarsu kuma a kafa shaidu. Aya ta 10 kuwa kowa ya san ta, wuta ce mutum yake zuba wa cikinsa.

Sannan a mazhabar Malikiyya an raba abu biyu da Turawan nan suka haɗa a hannu ɗaya. Reno daban, kula da dukiya daban. Reno na uwa ne, in ta auri bare ya koma ga mahaifiyarta, haka ake bi ta ɓangaren mata, namiji har ya balaga mace har ta tare a gidan miji. Dukiya kuwa uba ne, sai wasiyyin da uba ya naɗa, in babu sai alƙali ko wanda alƙali ya ɗora. Baffa ko yaya ko kaka da yaro yake hannunsa kawai, ba wasiyya ba naɗin alƙali, ba shi da ikon sayar da gonar maraya, ɗan abu kaɗan ne malamai suka yi sassauci a kai saboda al'ada. Kuma wasiyyin ma in ya ce na miƙa masa dukiyarsa yaron ya musa, ba a karɓar maganarsa sai da shaidu. Baban Amira abin da aka yi muku ba shari'a ba ce, kuma neman lissafi ba rashin kunya ba ne, haƙƙinka ne.

Baban Amira:
Allah ya gafarta Malam wlh yau shekara kusan talatin ba wanda ya taba fada min haka a fili. nagode

Ɗalibar Shari'a:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. To kenan mai riƙon sokej shi ya fi kusa da wasiyyinmu tunda shi ma amana ce da lissafi, sai dai su sun cire mai gado daga riƙo mu kuma ba a cire shi ba, an dai sa alƙali a kansa. Barista wata tambayar, in lokaci ya yi ta yaya yaron ke tabbatar da ya kai 21 tunda ba takardar haihuwa?

Ɗan Tarihi:
Bari in riga Barista don wannan ɓangaren ina sonsa. In magajin na hannun sarki ne sai a fitar da takarda a tara dattawa 12 a garin da aka yi masa wankan coci yana jariri, kowa ya rantse ya faɗi dalilin da ya sa yake tuna shekarar. Sai ka ji wani ya ce ni na riƙe kyandir a cocin ranar, wani ya ce a watan ne na faɗo daga doki na karya ƙafa, wani ya ce a shekarar gidana ya ƙone ko aka haifi 'yata. Daidai yadda tsofaffinmu ke cewa an haife ka shekarar fara ko shekarar da aka naɗa sarki. Masu bincike sun lura wasu shaidun suna maimaituwa kusan kalma da kalma daga wannan takarda zuwa waccan, alamar magatakarda na da nasu tsararren zance, amma dai sai an bi ta nan kafin a sakar masa gonarsa.

Barista Babba:
Haka ne. Ƙarshen labarin kuma ki sa shi a aikinki don yana ƙarfafa hujjarki. Da yaƙin barde ya zama tarihi dalilin riƙon ya mutu amma kuɗinsa bai mutu ba. Mutane suka koma dabarar miƙa gonakinsu ga amintattu tun suna raye don kar a samu ƙasa a hannunsu ranar mutuwa, Henri na 8 ya toshe wannan da dokar 1536, sannan a 1540 ya kafa kotu sukutum ta marayun sarki, aikinta gano su da sayar da riƙonsu. William Cecil, Lord Burghley, ya shugabance ta daga 1561 har ya mutu a 1598, kuma ɗaya daga cikin marayun da suka tashi a gidansa, Edward de Vere mai sarautar Oxford, 'yar Burghley ɗin ya aura a 1571. A 1610 aka yi ciniki da majalisa za ta riƙa ba Sarki Jems fam 200,000 duk shekara ya haƙura da wannan da makamantansa, cinikin ya watse. Sai a 1646 ana cikin yaƙin basasa majalisa ta rushe kotun, dokar 1660 ta tabbatar, aka musanya wa sarki da harajin giya, kuma a dokar ne aka ba uba ikon naɗa wa 'ya'yansa mai riƙo ta wasiyya har su kai 21.

Maman Sadik:
To mu nan wannan abin ya shafe mu ne ko tarihi ne kawai? Ina tambaya ne saboda filin yarana.

Barista Babba:
Riƙon yaƙin nan bai taɓa zuwa nan ba Hajiya, dokokin Ingila da aka ɗauko mana su ne masu aiki a can ranar 1 ga Janairu 1900, shi kuwa ya mutu shekara 240 kafin nan. Abin da ya iso mu shi ne abin da ya biyo baya, cewa kotu ita ce uwa ita ce uba ga yaro kuma maslaharsa ake fara dubawa, shi ne sashe na farko na dokar haƙƙin yara ta 2003. Shekara 21 ɗin ma tana nan a dokar amfani da ƙasa ta 1978, sashe na 7, gwamna ba ya ba wanda bai kai 21 ba takardar mallaka sai ta hannun mai riƙo ko amintaccen da aka naɗa. Ku kuma naku in Musulmi ne kotun shari'a ce, tsarin mulki na 1999 sashe na 277 ya sa gado da wasiyya da riƙon yara cikin hurumin kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a. Shawarata ku tabbata an yi rabon a gaban alƙali an rubuta kason kowane yaro da iyakokinsa huɗu, an kuma rubuta sunan wanda aka ɗora a kan dukiyar, ku riƙe kwafi a wurinku ku ba wani amintacce ɗaya.

Maman Sadik:
Rabon an yi a gida ne da malamin unguwa, takardar tana wurin yayan babansu. Gobe in sha Allah zan je in nemi kwafi.

Ɗan Tarihi:
Ɗaliba ni dai har yanzu ina nan a kan cewa ki ba takardun nan haƙƙinsu na fitar da rigima daga bakin takobi zuwa gaban alƙali, ko sakin layi ɗaya ne.

Ɗalibar Shari'a:
Zan sa Yaya, amma zan rubuta cewa rigimar manya suka kashe, yaron kuwa shi ne abin da ake rigima a kansa. Barista in na gama zan turo muku ta inbos ku duba min ɓangaren korar mai riƙo, nan ne har yanzu ƙafata ba ta tsaya ba. Ranar Litinin ake karɓa.

Barista Babba:
Turo kafin daren Asabar, Lahadi ina hanyar Kaduna.